Mutum Biyar da Aka Sauke Saboda Sifirin

Kwanana goma sha ɗaya a Agadas kafin hannuna ya taɓa sifana. Ni da Haliru muna zaune a wata rumfar kwano bayan tasha, cikin mutum kusan talatin, kowa na jiran motar da za ta kai shi filin zinariya can arewa. Ni bakanike ne daga Boɗinga. Shekarata tara a ƙarƙashin mota, kuma abin da na fi sani shi ne ƙafa: sifirin, shokozoba, bushin, duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota. Haliru kuwa tela ne, mutumin Mandera, kekensa na cikin kasuwar Shagari. Shi ke ɗinka mini kayan Sallah tun ina koyon aiki. Ni na ja shi tafiyar. Wata biyu ina yi masa daɗin baki, har ya rufe keke da buhu ya biyo ni.

A rumfar nan aka sace mini takalmi ina sallar Azahar. Mai rumfar ya ce da ni wanda ya zo neman zinariya ba ya kukan takalmi. Wata mata mai sayar da shinkafa da wake, 'yar Ƙonni, ita ce ta ji maganarmu ta gane daga inda muke, ta riƙa kankare mana ƙanzo idan ta tashi. Ban tambayi sunanta ba, kuma har yau abin na damuna.

Rana ta goma sha biyu wani mutum ya leƙo ya ce wa ya iya gyaran mota. Kowa Patoro yake ce masa, ban taɓa jin sunansa na yanka ba. Fari ne, gajere, ba ya ɗaga murya. Yana tafe da wani dogo mai bindiga da ba ya magana. Ya kai ni gaban motarsa, a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, ya ce in duba in gaya masa abin da na gani.

Na kwanta na shiga. An cire mata sifirin baya na asali, mai fallayen ƙarfe a jere, an yi walda an sa wani irin shokozoba mai tsada, wanda sifirin mai murɗe ke zagaye da jikinsa kamar awarwaro. Jikin yana da zare, da wani babban noti da ake murzawa a matse sifirin idan ana so mota ta ƙara tsayi. Na taɓa gyara irinsa sau biyu a Sakkwato. Na fito na ce masa an matse notin ya wuce ƙa'ida.

Ya ce, "Ka san aiki. Gobe za mu tahi."

Na ce, "Ina da ɗan'uwa. In ba da shi ba, ba ni zuwa."

Ya dubi Haliru tun daga kai har ƙafa, ya taɓe baki, ya ce ya hau. Saboda ni Haliru ya samu wuri a motar nan. Da yamma har rawa ya taka a rumfa, yana cewa yau ya ga amfanin abota da mai baƙin hannu.

Da safe na ga lodin. Duro huɗu na ruwa, biyu na man dizal, janareto, injin niƙa dutse, buhunan shinkafa da taliya. A kan wannan duka aka ɗora mu mutum goma sha shida, ƙafafu na reto, kowa ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa. Na sake yi wa Patoro maganar notin. Ya ce ya ɗauke ni in gyara idan ta lalace, ba in koya masa lodi ba. Direban, wani mai suna Ilyas, ya ƙifta mini ido in yi shiru. Na hau na rungume sandata.

Ranar farko lafiya. Rana ta biyu da hantsi, bayan mun bar hanyar kwalta da nisa mun shiga tsakuwa, na fara jin wata ƙara a baya ta dama, daidai ƙarƙashin inda nake zaune. Ƙiii, ƙiii, duk lokacin da taya ta faɗa rami. Bakanike ya san bambancin kukan roba da kukan ƙarfe. Wannan ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Na buga rufin mota Ilyas ya tsaya.

Da muka sa jek na leƙa, sai na ga sifirin ya lanƙwashe kamar ayaba, cikinsa na gugar jikin shokozoba. Fentin ya kankare, wurin na ƙyalli, zaren jikin ya fara shafewa. Na sassauta notin, na juya sifirin a mazauninsa don bakinsa ya zauna daidai, na duba bushin na ƙasa, robar da ke gindin shokozoban, na ga lafiyarsa lau. Na sama ban gan shi ba, don wani tankin mai da aka ƙara ya tare wurin, sai an sauke lodi an kwance shi. Patoro na tsaye a kaina yana duba agogo. Na mayar na ɗaure. Muka yi tafiyar wuni ba ƙara.

Rana ta uku ta dawo. Wannan karon na yanka gefen wata tsohuwar jarka, na naɗe jikin shokozoban da robar na ɗaure da waya, don sifirin ya ci roba maimakon ƙarfe. Haliru ne ya riƙe mini robar ina ɗaurewa. Leɓensa ya tsage, tun jiya yake amai saboda ruwan duron da ke warin mai.

Ya ce, "Ummaru, wagga ƙasa ko gawo guda babu. Mi mutanenta ka ci?"

Na ce, "Zinariya."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce yanzu a Mandera an fara sharar gona, kuma da ya san haka ne da ya zauna ya ci gaba da facin wandunan Fulani.

Rana ta huɗu, kafin rana ta take, robar ta narke ta zube. Muka tsaya gindin wani baƙin dutse mai tsawo, shi kaɗai a fili. Da na sa yatsa a jikin shokozoban sai na ji rami, garin ƙarfe ya maƙale mini a hannu kamar toka. Idan ramin ya huda, mai zai zube, sifirin ya riƙa dukan banza har ya karye, motar ta zauna a inda ba mai wucewa.

Patoro ya tsuguna kusa da ni. "Sau biyu kana gyara. Mi ad damuwarta?"

Na ce ina bukatar a sauke kaya in kwance tankin in duba sama. Ya ce ba zai yi wuni guda a nan ba. Ya ce in gaya masa yanzu. Dogon nan ya matso ya ɗora mini bakin bindiga a kafaɗa, ba da ƙarfi ba, kamar mai jingina sanda. Zufa na shiga mini ido. Na faɗi abin da kowane bakanike zai fara faɗi.

Na ce, "Lodi na ya yi mata yawa. Shi ka lanƙwasa sifirin. In an rage nauyi za ta kai."

Wallahi injin niƙan nake nufi. Shi nake kallo lokacin da nake maganar.

Patoro ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya ce kowa ya sauko ya tsaya a layi. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana matsa damtse, kamar mai sayen rago. Ya ware mutum biyar: wani dattijo daga Maraɗi, wasu 'yan'uwa biyu da ba sa jin Hausa sosai, wani mai ciwon ido, sai Haliru. Ya ce su jira a nan, mota za ta dawo bayan kwana biyu. Ya ce in ruwa ya ƙare akwai rijiya gabas, tafiyar rabin wuni.

Na ce, "Patoro, don Allah. A sauke injin. A sauke shinkafa. Ba mai ɗauka a nan."

Ya ce, "Inji ba ya da ƙafa. Waɗanga suna da ita."

Na ce to ni ma na sauka. Ban rufe baki ba dogon ya buga mini gindin bindiga a haƙarƙari, na durƙusa. Ina so in ce na yi faɗa, amma ban yi ba. Ina durƙushe ina kallon yashi, kuma can cikin raina akwai wani abu da ke murna ba ni aka ware ba.

Haliru ne ya ɗaga ni. Ya ce, "Hau, Ummaru. In kas sauka, wa za ya matsa musu su dawo?" Sai ya ƙara a hankali, "Kak ka bari su manta."

Aka ba su jarka biyu na ruwa da rabin buhun garin rogo. Da mota ta tashi, Ilyas ya yi kamar giyar mota ta kufce masa, motar ta yi wata irin girgiza, ya leƙo yana zagin wanda bai ɗaure kaya ba. Jarka ta uku ta faɗi ƙasa. Daga baya na gane shi ya kwance igiyar da hannunsa. Na ga Haliru ya ruga ya ɗauka, ya ɗaga mini hannu. Mutum goma sha ɗaya muka rage a sama, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Wani ma har ya miƙe ƙafa ya ce yanzu an samu wuri.

Ba mu yi awa guda ba ƙarar ta dawo.

Ƙiii, ƙiii. Daidai yadda take, ba ta ragu ko kaɗan ba. Na ji, Ilyas ya ji, don na ga ya rage gudu. Na buga rufi da hannu biyu ina ihu a koma, ba nauyi ba ne, a koma. Patoro ya sauke gilashi ya ce in na sake buga masa mota zai ɗaure ni a bayanta. Ya ce da Ilyas ya bi a hankali. Haka muka yi kwana biyu muna rarrafe, ina zuba wa sifirin giris duk inda muka tsaya, har muka isa.

Filin zinariyar ramuka ne da tantuna da ƙura, da mutane masu idanu jajaye. Aka sauke kaya. A ranar na kwance tankin na leƙa sama. Mai waldan da ya yi aikin ya kafa kunnen ƙarfen da ke riƙe kan shokozoban a karkace, kuma ya ɗaure kan ya manne da gefe guda, ba sararin da zai juya. Shi ya sa duk lokacin da taya ta motsa, shokozoban ke tsayawa a gicce, sifirin ya lanƙwashe ya ci jikinsa. Ko mota ba ta ɗauke da komai sai ta yi wannan kukan. Na buga kunnen da guduma ya miƙe, na sa washa biyu, 'yan faya-fayan ƙarfen nan masu huda a tsakiya, ɗaya kowane gefe. Tun daga Boɗinga suna cikin jakar kayan aikina. Aikin bai kai tsawon cin tuwo ba.

Na daɗe kwance a ƙarƙashin motar ban fito ba.

Da na fito na samu Patoro yana shan shayi. Na ce mota ta gyaru, yau kwana biyu, a koma. Ya ce motoci na bin hanyar nan kullum, wata ta riga ta kwashe su. Na ce mu tun da muka bar kwalta ba mu gamu da ko ɗaya ba. Ya ce in je in haɗa injin niƙa. Takardata ta shaida tana hannunsa tun Agadas, ya ciro ya nuna mini ita, ya mayar aljihu.

Na bi direbobin wasu motoci ina roƙo. Wani ya ce, "Baƙin dutse? Ka san baƙaƙen duwatsu nawa ne tsakanin nan da Agadas?" Wani ya ce in na kawo mai zai je. Labari ya koma wa Patoro, ya sa aka ɗaure ni a jikin duro cikin rana daga hantsi zuwa La'asar, ma'aikatansa na wucewa da buhunan dutse, ba mai ko waiwaye. Fatar wuyana ta saɓule. Da aka kwance ni na je na haɗa injin. Kullum da safe sai in ƙidaya jarka uku a raba wa mutum biyar, in ga iyakar inda ruwan zai kai, in sake ƙidayawa ko zai ƙaru.

Sai rana ta tara da sauke su ruwan sansanin ya ja baya, aka ce mota ta koma. Ilyas ya ce ba zai tuƙa ba sai da bakanike. Mu biyu muka fito. Motar na gudu a kan tsakuwa shiru, ko ƙis babu. Na so ta yi ƙara ko sau ɗaya.

Mun iso dutsen da hantsi. Daga nesa na hango rumfa. An farke buhu da riguna da rawanin dattijon an haɗa su, an ɗaure a jikin dutse. Da na matso na ga ɗinkin, ƙanana a jere, an ninka baki sau biyu don kada iska ta farke. Haliru ba ya rabuwa da allura da zare a hularsa. A ƙarƙashin rumfar akwai dattijon da mai ciwon ido. An jera su, an fuskantar da su gabas, an rufe musu fuska. Jarka ɗaya na gefe, babu komai ciki. Sauran biyun babu su, haka Haliru da 'yan'uwan nan biyu.

Muka yi taimama muka sallace su, muka tona da shebur ɗin mota muka rufe, muka jera duwatsu. Sai na ce mu yi gabas. Ilyas bai musa ba. Mun samu rijiyar wajen Azahar: da'irar duwatsu, yashi ya cike ta har baki. Ba sawu, ba jarka, ba tsumma. Muka yi ta zagaye ina tsaye a bayan mota ina kiran sunan Haliru har muryata ta dushe.

Na ce da Ilyas, "Ka san ta ƙafe?"

Ya ce, "Ta fi shekara uku."

"Patoro ya sani?"

"Tare munka same ta haka."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗi a ranar. Ya riƙe sitiyari ya ce yana da 'ya'ya huɗu a Tawa, kuma ya yi abin da zai iya. Ban zage shi ba. Ba ni da bakin zagin kowa.

A Agadas na sauka ban koma ba. Kayan aikina da takardata na bar wa Patoro. Na je ofishin hukuma da aka nuna mini na ba da labari, aka ce in kawo sunansa na gaskiya da lambar motar. Ban san sunan ba, motar kuma ba ta da lamba. Na yi mako uku ina tare duk motar da ta fito daga arewa, ina kwatanta Haliru: baƙi, siriri, mai wushirya. Kowa sai ya ce ai irinsu da yawa. Na yi facin taya a tasha har na samu abin hawa mota, na biyo ta Tawa da Ƙonni na shigo Illela.

Da motar Sakkwato ta iso Boɗinga ban sauka ba. Na sunkuyar da kai don kada 'yan gareji su gan ni, na wuce Shagari, na hau kabu-kabu zuwa Mandera. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu, ko'ina ruwa kwance a hanya. Na kasa kallon ruwan.

Mahaifin Haliru, Malam Attahiru, yana ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na cire takalmi daga nesa na durƙusa.

"Baba, mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau. Ummaru na? Maraba, maraba. Ya hanya?" Yana magana yana leƙen bayana. "Ina abokin naka? Ya tsaya Shagari?"

Na gaya masa duka. Ban ɓoye maganar lodi ba, ban ɓoye washa biyun ba. Ina cikin magana na ji an saki kwano a bayan zana. Hajo ce, matar Haliru. Tsohon bai katse ni ba har na gama. Sai ya ce, "Kai mi yas sa ba a sauke ka ba?"

Na ce, "Ni ka gyaran motar, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Ka ga gawarshi?"

"A'a."

"To ba ni karɓar gaisuwa. Hajo ba ta shiga takaba. Wanda ba a gani ba bai mutu ba." Ya juya ya ce a kawo wa baƙo fura. Aka kawo. Ya zuba mini ido har sai da na shanye.

Yau shekara biyu ke nan. Na koma garejinmu na Boɗinga, na ari sifana na ci gaba. Hajo tana nan a gidan, ba mai aure ba, ba bazawara ba, tana daka wa mutane hatsi tana ciyar da 'ya'ya biyu. Ina aika abin da ya samu, wani lokaci a karɓa, wani lokaci a dawo da shi. Malam Attahiru kuwa duk ranar kasuwa sai ya shigo motar Shagari ya zo garejin. Ba ya zagi, ba ya ƙorafi. Zai yi sallama, ya ce, "An ji wani abu?" In ce, "A'a, Baba." Sai ya zauna a benci ya jingina sandarsa, ya yi ta kallon hannuna ina aiki har La'asar.

Makon jiya wani malamin asibiti ya kawo motarsa a duba masa ƙafa. Ya ga yadda na shimfiɗa wa tsohon buzu na kawo masa ruwa, sai ya ce, "Mai gyara, mahaifinka ne?"

Kafin in buɗe baki tsohon ya amsa.

"A'a, malam. Su biyu sunka tahi, shi da ɗana. Wanga shi ad dawo."